Tarihin bindiga mai halbi ɗaya wadda ake sake wa bututu

Ya kai mai karatu, ka san gatari. Yana da ƙota, yana da ruwa. In ruwan ya lalace, ba ka yar da ƙotar. Sai ka je maƙera a sa maka wani. To, a Turai da Amurka akwai wata bindigar farauta da aka ƙera bisa wannan dabara. Gindinta ɗaya ne, amma bututunta yana fita, a sa wani. Harsashi ɗaya tak take ɗauka. In an halba, sai an buɗe ta an sa wani.

Za ka ce: a zamanin da ake da bindiga mai ɓarin wuta kamar ruwan sama, me za a yi da mai halbi ɗaya? Tarihinta shi zai ba ka amsa. Bari mu ɗauko shi daga tushe.

Da can ta baki ake ɗura bindiga

Bindigar farko duk mai halbi ɗaya ce. A zuba albarushi ta baki, a tura tsumma, a sa dalma, a danna da sanda. Irinta ce wasu mahalbanmu suke riƙe da ita har yau, wadda ake kira adaka. Irinta ce kuma fatake suka riƙa kawowa ta hamada zuwa Damagaram a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884.

Wannan bindiga tana da aibi biyu. Na ɗaya, ɗurinta yana cin lokaci. Na biyu, cikin bututunta sumul yake, don haka dalma ba ta tafiya sak in wuri ya yi nisa.

Maƙeran ƙasar Jamus ne suka yi suna wajen maganin aibi na biyu, tun shekara 400 da wani abu da suka wuce. Suka riƙa yin ƴan tsagogi a cikin bututu, masu murɗewa kamar igiya. Ka taɓa lura da mazari? Muddin yana juyawa, a tsaye yake. Haka harsashi yake. Tsagogin nan su ke sa shi juyawa, shi ya sa yake tafiya sak har nesa.

Daga nan bututu ya kasu iri biyu. Akwai mai tsagi, na halbin dabba daga nesa da harsashi guda. Akwai mai sumul, na watsa ƙwayoyin dalma ga zabi da fakara. Mahalbin da yake son aikin biyu, sai ya sayi bindiga biyu. Wannan kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Dabarar likitan haƙori

A birnin Washinton na Amurka an yi wani likitan haƙori mai suna Edward Maynard. Ban da aikin haƙori, yana da sha'awar ƙira. A 1851 ya samu takardar shaidar wata bindiga da ya ƙago. Ita ba ta baki ake ɗura ta ba. Akwai wani ƙarfe a ƙarƙashinta. In ka ja shi ƙasa, sai bututun ya sunkuya, bayansa ya buɗe, ka zura harsashi, ka mayar. An yi amfani da ita a yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865.

Da yaƙi ya ƙare, masu ƙera ta suka juya ga mahalba. Tun da bututun a kan ƙusa yake sunkuyawa, cire shi ba wuya. Sai suka riƙa sayar da gindi ɗaya da bututu biyu ko uku cikin akwati: wani mai tsagi, wani mai sumul. Manomin da ba shi da kuɗin bindiga biyu, ya samu aikin biyu da gindi ɗaya.

Soja ya yar, mahalbi ya ɗauka

A lokacin nan, sojojin manyan ƙasashe ma mai halbi ɗaya suke riƙewa. Ingila ta ɗauki Martini-Henry a 1871. Faransa ta ɗauki Gras a 1874. Amma abin bai daɗe ba. A 1884 aka samo albarushi marar hayaƙi a Faransa. A 1886 aka fito da bindigar Lebel, mai ɗaukar harsashi 8 a cikinta. Sauran ƙasashe suka bi sahu. Soja ya bar mai halbi ɗaya.

Amma ba ta mutu ba, domin bukatar mahalbi daban take da ta soja. Mai halbi ɗaya ba ta da tarkace da yawa a ciki, don haka ba ta saurin lalacewa. Ba ta da nauyi. Ba ta da tsada. In ka karya ta biyu, kowa yana gani da idonsa ba komi a ciki. A 1908 kamfanin Manufrance na garin Sen Etiyen ya fito da wata mai sumul, ana kiranta Simplex. Ta bazu ƙwarai a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka.

Maƙeran duwatsu

A kudancin ƙasar Ostiriya akwai wani ɗan gari, Ferlak. Fiye da shekara 400 ke nan ana ƙirar bindiga a can, har da makarantar koyon sana'ar. Ƙasarsu ta duwatsu ce masu tsawo. Mahalbi yakan wuni yana hawa kafin ya hango akuyar dutse. Ba ya son kaya mai nauyi. Kuma ya san in ya kuskure halbin farko, dabbar ta tafi ke nan. Me zai yi da harsashi biyar?

Shi ya sa maƙeran Ferlak da na Jamus suka riƙe mai halbi ɗaya, suka yi ta gyara ta. Tasu ba ta kanti ba ce. Ka san bambancin rigar kasuwa da wadda tela ya gwada ka ya ɗinka. To, haka suke yi. Su auna tsawon hannun mutum da kafaɗarsa, su sassaƙa ƙota daidai da shi. Su yi zanen ganye da namun daji a jikin ƙarfen da hannu. Aikin yakan ɗauki watanni. In mai ita yana so, sai a ƙera masa bututu na biyu, a goge shi da magagari har ya zauna daram a gindin nan. Bututun wannan ba ya shiga gindin waccan.

Daga baya manyan kamfanoni suka shiga aikin. A 1995 kamfanin Blaser na Jamus ya fito da K95. Nauyinta bai kai kilo 3 ba, kuma ana sake mata bututu.

Gindi ɗaya, bututu barkatai

Bindigar Ferlak ta masu hali ce. Wanda ya kawo dabarar ga talakan mahalbi, wani Ba'amurke ne mai suna Warren Center. A ɗakin aikinsa na gida ya ƙago wata ƙaramar bindigar hannu mai halbi ɗaya. A 1965 ya haɗu da kamfanin K. W. Thompson, a garin Rocasta na jihar Niyu Hamsha. A 1967 suka fito da ita, suka sa mata suna Contender. Kamfanin ya zama Thompson/Center.

Ga abin da ya sa ta yi fice. Injin masana'anta yana yanka kowane bututu bisa awo ɗaya. Don haka bututun da ka saya bana yana shiga gindin da ka saya bara, ba sai ka je wurin maƙeri ba. Ka cire icen gaba, ka ture ƙusa ɗaya, ka ɗaga bututu, ka sa wani. Abin saiti kuma a jikin bututun yake, ba a gindi ba. Kowane bututu yana tafiya da saitinsa. Daga baya aka yi mata ƙotar kafaɗa da dogon bututu, ta zama cikakkiyar bindigar farauta.

Abin har ya kai gaban shari'a. Wata dokar Amurka ta 1934 ta ɗora harajin dala 200 a kan bindigar kafaɗa wadda bututunta bai kai santimeta 41 ba. Hukuma ta ce wanda yake da gajeren bututu da ƙota yana iya haɗa irin wannan. Kamfanin ya ce shi dogon bututu mai santimeta 53 ya sayar tare da ƙotar. A 1992 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ba kamfanin gaskiya.

Wajen shekara 30 bayan Contender, suka fito da ƙanwarta mai suna Encore, wadda ta fi ta ƙarfi. A gindinta ɗaya ana sa bututun ƙananan dabbobi, da na manyan namun daji, da mai sumul na tsuntsaye. Har ma da bututun da ake ɗurawa ta baki, kamar adaka! Dalili kuwa, jihohi da yawa na Amurka sun ware wasu kwanaki na farauta don masu bindigar ɗuri kaɗai. Ka ga tarihi ya zagayo inda ya fara.

Masu aikin hannu ba su rasa abinci ba. Sai ma ƙananan maƙeru suka buɗe, ba abin da suke yi sai bututu. Mutum ya aika da saƙo: ga tsawon da nake so, ga kaurin, ga irin harsashin. Cikin waɗanda suka yi suna akwai J. D. Jones na jihar Ohayo, wanda ya kafa kamfanin SSK. Shi har sababbin harsasai ya ƙago don Contender, ana kiransu da harufan sunansa.

Bututu shi ne ran bindiga

A nan sai ka natsu, mai karatu. Lokacin da albarushi ya kama wuta, ƙarfin da yake tura harsashi gaba shi ne yake dukan bututu ta kowane gefe. In ƙarfen bai da kyau, sai ya fashe. Fuskar mahalbi da hannunsa kuwa suna nan kusa.

Turawa sun sha wannan wuya kafin su yi magani. A 1813 aka kafa gidan gwajin bindiga a birnin Barmingam na Ingila. Akwai irinsa a Sen Etiyen da Ferlak. A can ake sa wa bututu ɗuri wanda ya fi na kullum ƙarfi, a halba shi ba kowa kusa. In ya jure, a buga masa hatimi. In bai jure ba, ba ya shiga kasuwa. A waɗannan ƙasashe, bututu na biyu ma sai ya bi ta wannan gwaji.

Kowane gindi kuma yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Shi ya sa aka yi bututun Encore yadda ba zai shiga gindin Contender ba. A kan bututu ake rubuta lambar harsashin da ya dace da shi. Mai bututu uku, dole ya karanta lambar kafin ya ɗura. Wanda ya sa harsashin wani a bututun wani, ya sayi rauni da kuɗinsa.

Wannan darasi bai tsaya a Turai ba. Bututun famfo don ruwa aka yi shi, ba don wuta ba. Bindigar da ta yi tsatsa a ciki, ko ƙasa ta toshe mata baki, ko aka ninka mata albarushi, tana iya cin mai ita. Rigakafi ya fi magani.

Halbi ɗaya ma yana ƙarar da daji

Masu son wannan bindiga suna cewa tana koya wa mutum haƙuri. Gaskiya ne. Mai harsashi ɗaya sai ya san iska, ya yi sanɗa, ya matso kusa, ya jira. In bai tabbata ba, ya ƙyale. Bai cika barin dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a banza ba.

Amma kada ka zaci bindigar ce take tsaron daji. A filayen Amurka an yi wani irin ɓauna, miliyoyi masu yawa. A shekarun 1870 masu neman fata suka far musu. Bindigar da ta fi suna a hannunsu ita ce Sharps, mai halbi ɗaya. Mutum ya kwanta nesa, ya yi ta kayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya feɗe fata, ya bar nama ya ruɓe. A 1889, da aka yi ƙiyasi, waɗanda suka rage wajen 1,000 ne kawai. Sai da aka kafa doka, aka tsare su a gandun daji, sannan suka fara farfaɗowa.

Mu ma mun ga irin wannan. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai. Fari da saran daji da farautar sata suka taru a kansu. Da mutanen ƙauyuka da hukuma suka haɗa kai, a cikin shekara ashirin da ƴan kai suka haura 600. Dokar farauta ta 1998 ta ce sai da takardar izini ake farauta a Nijar, kuma akwai dabbobin da ba a taɓawa sam.

To, ka ji amsar tambayarka. Soja ya bar mai halbi ɗaya tun fiye da shekara 100, amma mahalbi bai bar ta ba, don tana da sauƙi, tana da ƙarko, kuma gindi ɗaya yana aikin bindiga uku. Sauran aikin kuwa ba na maƙeri ba ne. Duba bututu kafin ɗuri, da sanin dabbar da ya kamata a ƙyale, wannan yana wuyan mai riƙe da ƙota.

In kun taru a ajin yamma, ku karanta wa tsofaffin mahalban garinku wannan labari. Ku tambaye su namun dajin da suka sani suna yara, da waɗanda suka rage yau.