Tarihin Duba Jerin Alamomi Masu Hawa-hawa a pandas

pandas manhaja ce ta tantance alƙaluma da aka gina a kan yaren kwamfuta na Python. Wes McKinney ne ya fara rubuta ta a 2008 yana aiki a kamfanin AQR na Amurka, aka sake ta kyauta ga jama'a a 2009. A 2011 aka ƙara mata MultiIndex, tsarin da ke ba kowane layi na jadawali alama fiye da ɗaya, wata a ƙarƙashin wata.

A ɗauki jadawalin amfanin gona na kudancin Jigawa: hawan farko ƙaramar hukuma, Birnin Kudu ko Gwaram, na biyu mazaɓa, Kangire da Kiyako a Birnin Kudu, Basirka da Fagam a Gwaram. Mai son ya yanko daga Kangire zuwa Kiyako dole ya tabbatar layukan suna bi da bi. In sun hargitse, wani neman yakan zo da gargaɗin cewa aikin zai yi nauyi, irin wannan yankan kuwa manhajar ƙin sa take yi. Tun 2017 wannan ƙi yake da sunansa, UnsortedIndexError.

Shekara da shekaru is_lexsorted ake kira don a duba jerin, tare da lexsort_depth mai faɗin hawa nawa ne suka jeru. Sai dai akwai lauje cikin naɗi. pandas ba ta maimaita sunaye a kowane layi. Lamba take ba kowane suna a ɓoye, kuma waɗannan lambobin is_lexsorted ke dubawa. Idan Gwaram ta sami 0, Birnin Kudu 1, zai ce komai daidai, alhali ido na ganin Gwaram a saman Birnin Kudu. Wannan aibi ne babba, domin mai hidima da alƙaluma sunayen da ke gabansa yake tambaya a kai.

A fitowa ta 1.3, cikin Yulin 2021, aka sanar za a janye is_lexsorted da lexsort_depth, aka ce a koma ga is_monotonic_increasing, wanda ke auna sunayen kansu. An cire su kwata-kwata a fitowa ta 2.0 cikin Afrilun 2023. Yanzu in amsa ta zo a'a, sai a jera da sort_index kafin a yanka.