Zango Ya Zama Gida: Yadda Goro Ya Kai Hausa Cikin Jinin Ƙasar Gana

Da sassafe a unguwar Nima ta birnin Akara, kafin motocin haya su cushe titi, mai abinci ta riga ta sauke tukunya. Shinkafa ce da wake, an dafa su da busasshen ganyen karan dafi har suka yi jawur. Sai ta zuba wa mai saye a ganye, ta ɗora taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai, ta yarfa baƙin yaji. A layin nan akwai Batone, akwai ɗan ƙabilar Ga, akwai Ewe, kuma duk da suna ɗaya suke kiran abincin: "waace". Waken nan namu ne, bakin Gana ya ɗan lanƙwasa shi. A gefe ga mai koko da ƙosai, kokon da kowa ke jingina wa Hausa. Tuwon arewacin ƙasar kuwa "tuwo zafi" ake ce masa har a manyan gidajen cin abinci.

Goro ne ya kawo wannan duka. A da, irin goron da Bahaushe ke so a dazukan ƙasar Tonawa yake tsiro, masu cinsa kuma suna Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. Tsakaninsu tafiyar watanni ce. Madugu uban tafiya kan haɗa ayarin jakuna, jagaba na gaba, a ɗauki kanwa da baƙin rini da jan fata da shanu, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Sansanin Mango da Yandi har a sauka Salaga ta ƙasar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan fatauci. A farkon ƙarni na 19 sarakunan Tonawa na Kumasi suka tsayar da Salaga a matsayin kasuwar da baƙi za su tsaya su sayi goro, ba tare da sun kutsa cikin daji ba. Garin ya cika ya batse, aka haƙa rijiyoyi barkatai don shayar da ayari. Wajibi ne a faɗa cewa ba goro kaɗai ake ciniki a Salaga ba. A lokacin babbar kasuwar bayi ce, kuma fatakenmu na cikin masu saye da sayarwa. Duk mai alfahari da wannan tarihi ya riƙe wannan ɓangaren ma.

Inda ayari ya yada kaya ya kwana, shi ne zango. Asalinsa wurin wucewa ne. Amma wani ya tsaya jiran bashi, wani ya yi aure, malami ya samu almajirai, mai masauki ya gina zaure, sai bukkar kwana biyu ta zama unguwa.

Abubuwa biyu suka watsa mutanen Salaga. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Tonawa a kan arewa ya karye, hanyar goro ta rikice. A 1892 kuma yaƙin basasa kan sarauta ya tashi garin. Fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kintamfo da Yeji, daga baya Kumasi da Akara, kowa da zangonsa. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete-Karachi yana limanci da karantarwa har ya rasu a 1934. Ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, har da waɗanda ya yi kan zuwan Nasara, kuma yana cikin manyan marubutan Hausa na zamaninsa, alhali yawancin aikinsa a bakin kogin Bolta ya yi shi. Shi ma Alhassan Ɗantata a wannan hanya ya fara tara jari, yana aika goro ta jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, kafin gyaɗa ta sa sunansa ya cika Kano.

Akwai kuma hanya ta biyu, ta bariki. A 1863 wani Bature, Kyaftin Glover, ya kafa ƙaramar runduna a Ikko, yawancinta bayin da suka tsere daga iyayen gijinsu, masu jin Hausa. Da su aka yaƙi Tonawa a 1873 da 1874, daga cikinsu kuma aka gina rundunar da ta zama tushen sojan Gana. Nan Hausa ta zama harshen fareti da na ɗan sanda. Ɗan Mosi ko ɗan Gurunshi da ya shiga soja, da ita zai karɓi umarni, in ya yi ritaya kuma zango zai sauka.

A nan ne, a ganina, abin ya fi ƙayatarwa. A Gana kalmar Bahaushe ta bar jini ta koma harshe da addini da unguwa. Zabarmawa da Fulani da Wangarawa da Kotokoli da Mosi da Yarabawa Musulmi sun taru a zango, kowa da yarensa a cikin gida, in an fito ƙofar gida kuwa sai Hausa. Ita kanta Nima wani malami Bafulatani, Malam Amadu Futa, ake danganta wa kafa ta a wajejen 1931. Hausar da ta fito daga wannan cakuɗa ita ce Gananci: "ƙ" ta koma "k", bambancin namiji da mace ya ɓace, sai ka ji an ce "yarinya ya zo". Bakano kan yi murmushi in ya ji. Ni dai ban ga abin raini ba. Harshen da ya ɗauki nauyin ƙabilu masu yawa haka dole ya sauke wasu kaya don ya iya tafiya.

Sai dai zama ɗan ƙasa a Gana, a al'adance, yana rataye da tambaya ɗaya: ina ne garinku? Ana son ka ambaci ƙauye da sarki da ƙasar kakanni. Ɗan zango kuwa, ko kakansa a Kumasi aka binne cibiyarsa, amsarsa ba ta gamsar da mai tambaya. Wannan rauni ya bayyana tun shekarar samun 'yanci. A 1957 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, jigon zangon Kumasi, tare da Alhaji Usman Lardan zuwa Najeriya, saboda suna tare da 'yan hamayya. Sun garzaya kotu suna cewa su haifaffun ƙasar ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, shari'a ta mutu.

Babbar girgizar ta zo ranar 18 ga Nuwamba 1969. Gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Mutane sama da dubu ɗari suka kama hanya, da yawansu Yarabawa 'yan kasuwa, tare da Hausawa da Zabarmawa da mutanen ƙasashen maƙwabta. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. An loda yara a manyan motoci zuwa "gida" da ba su taɓa gani ba. Mu ma ba mu da bakin zargi: a 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi, ciki har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya, kuma har yau jakar nan mai ratsi-ratsi da suka zuba kayansu sunan wannan korar take amsawa.

Zango bai tashi ba. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne, shi ma ɗan Gana ne, ko da yake matasan zango na yawan kukan cewa sunansu kaɗai kan jawo musu ƙarin tambayoyi wajen neman fasfo. A 2017 an kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya zanguna. Gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana labarai da Hausa, amma ba ta cikin harsunan gida da hukuma ta ware don koyarwa a makarantu. Yaro zai yi ciniki da ita, ya ji wa'azi da ita, ya yi faɗa da ita a filin ƙwallo, bai taɓa ganin ta a allon aji ba.

Babban limamin ƙasar, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ɗan zango ne, an haife shi a Akara a 1919, tun ana kiran ƙasar da sunan da Turawa suka sa mata. Ya ga 1957, ya ga 1969. A watan Afrilun 2019, daidai lokacin da yake cika shekara 100, ya je wata cocin Katolika da ke Akara ranar bikin Ista, sanye da rawaninsa, ya zauna a gaba kusa da limamin cocin, jama'a suka tarbe shi da tafi.