Tarihin Sake Kai Tsohon Katin Besbol Wurin Wani Mai Tantancewa

Katunan 'yan wasan besbol, wasan ƙwallo da sanda da Amurkawa suke ɗauka a matsayin wasan ƙasa, sun fara yaɗuwa ne a cikin kwalayen sigari tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne jerin da kamfanin American Tobacco ya fitar daga 1909 zuwa 1911, wanda masu tara katuna suke kira T206 bisa tsarin da Jefferson Burdick ya shimfiɗa. Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, cinikin waɗannan katuna ya dogara ne ga idon mai saye da bakin dillali, abin da ya sa katin da wani ya kira garau sai wani ya ce ya ji jiki.

A 1991 aka kafa kamfanin PSA a jihar Kalifoniya domin ya raba wannan gardama, inda ya ari tsarin da kamfanin PCGS ya fara amfani da shi a 1986 wajen tantance tsofaffin sulalla. Ana duba kusurwoyin kati da gefunansa da fuskarsa da yadda hoton ya zauna a tsakiya, a ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan a rufe shi cikin gidan roba mai ɗauke da lamba, wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. Katin farko da PSA ya tantance shi ne na Honus Wagner daga jerin T206, wanda Wayne Gretzky da Bruce McNall suka saya a gwanjo a wannan shekarar kan dala 451,000, kuma ya sami maki 8. Sai a 2013 wani dillali mai suna Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefen katin domin ya fito tsaf, ke nan tun ranar farko makin ya kasance hukuncin ɗan Adam, wanda kan dace kuma kan kuskure.

Al'adar sake kai kati ta samu gindin zama ne bayan alƙalan sun yawaita, da zuwan SGC a 1998 da kuma sashen tantancewa na Beckett a 1999. SGC ya daɗe yana amfani da ma'auni mai kaiwa 100, kuma masu sha'awar katunan da suka girmi Yaƙin Duniya na Biyu sun rungume shi, har da dalilin baƙin zagayen da yake sanya wa kati, wanda yake fito da launin tsohuwar takarda. Beckett kuwa ya yi suna da bai wa kowane sashe na kati makinsa daban. Da yake ma'aunan ba ɗaya ba ne, mai kati yana da hanya biyu. Ta farko ita ce ya aika katin a cikin gidansa, ya rubuta mafi ƙarancin makin da zai yarda da shi, idan masu dubawa suka ga bai kai ba su mayar masa da shi yadda ya zo, kuɗin aiki kuwa ya riga ya tafi. Ta biyu ita ce ya fasa gidan da filaya, ya zaro katin a hankali, ya aika shi tsirara kamar ba a taɓa duba shi ba, domin kada tsohon maki ya ja ra'ayin sabon mai dubawa, ko da yake kuskuren hannu kaɗan yana iya lanƙwasa kusurwar takardar da ta haura shekara ɗari.

Kuɗi ne babban dalilin ɗaukar wannan kasada, domin hawa maki ɗaya yana iya ninka farashin kati mai tsada, kuma da PSA ya shigo da rabin maki a 2008 sai ƙofar ta ƙara faɗi. Rajistar da kamfanin ya buɗe domin masu tara cikakken jeri su yi gasa, wadda ba ta ƙirga katin da ke gidan wani kamfani, ita ma ta sa katuna da yawa sauya sheƙa, duk da cewa katin Mickey Mantle na 1952 da aka sayar kan dala miliyan 12.6 a 2022 yana gidan SGC ne, da maki 9.5.

Abin takaici shi ne ɓarnar da fasa gida take yi wa tarihin katin. Kowane kamfani yana wallafa ƙididdigar katunan da ya tantance a kowane maki, kuma da ita kasuwa take auna ƙarancin kati, amma wanda ya fasa gida bai mayar wa kamfanin da takardar da ke ɗauke da lambar katin ba ya bar lamba a littafi babu kati a bayanta, har kati ɗaya ya zama uku a ƙididdiga. Mafi muni, ta wannan ƙofa ce masu datse gefe da gyara launi suke sake shigar da katin da suka taɓa, kamar yadda badaƙalar 2019 ta nuna, lokacin da aka gwada tsofaffin hotunan gwanjo da sababbi aka gane katunan da suka sake kama. A 2024 kamfanin Collectors, mai mallakar PSA, ya sayi SGC, saboda haka wanda ya ɗauki katinsa daga ɗayansu zuwa ɗayan domin jin ra'ayi na biyu, yanzu a cikin gida ɗaya yake zagaye.