Daga Ingarman Barno zuwa Bugatti

Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola a shekarar 1841, martabar mahayi a fadar Lamiɗo tana rataye ne ga dokinsa, kuma da yake ƙudan tsando yana halaka dawaki a ƙasashen kudu, ingarman da fatake suka kawo daga Barno ya zama dukiyar da sarakuna ke gasa a kanta, ana bincikar nasabarsa kamar yadda malamai ke bin isnadin hadisi. Bayan Nasara sun ci garin a 1901, jiragen ruwa suka riƙa sauke haja a Jimeta da damina, daga bisani motar Peugeot 504, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta gaji darajar doki.

Irin wannan shauƙi ga abin da ya yi ƙaranci shi ke jan attajiran duniya zuwa motar Bugatti Veyron, wadda aka ƙera guda 450 kacal a Faransa tsakanin 2005 da 2015, mai silinda 16 da gudun da ya haura kilomita 400 a awa, alhali cikinta ya kusa taɓa ƙasa, har da wuya ta kai Numan daga Jimeta lafiya.