Tarihin Killace Matafiya: Daga Tsibirin Kamaran Zuwa Taron Jeniba

Killacewa, wato tsare matafiyi a keɓaɓɓen wuri na wasu kwanaki har a tabbatar ba ya ɗauke da cuta, ta girmi ilimin ƙwayoyin cuta da shekaru kusan ɗari biyar. A shekarar 1377 mahukuntan Ragusa, birnin da ake kira Dubrovnik a yau, suka zartar da cewa duk wanda ya fito daga ƙasar da annoba ta ɓulla sai ya yi kwana talatin a wajen gari kafin a buɗe masa ƙofa, kuma a 1423 birnin Venis ya ware tsibiri guda domin wannan aiki. Daga baya wa'adin ya koma kwana arba'in a yawancin tashoshin jiragen ruwa na Bahar Rum, sai dai kowace tasha da nata sharuɗɗan da nata kuɗin, abin da ya sa fatake suka riƙa kuka da tsarin fiye da yadda likitoci suke yaba shi.

Wannan kukan na 'yan kasuwa, tare da tsoron kwalara, cutar amai da gudawa da ta fito daga Indiya ta ratsa Turai tun farkon shekarun 1830, shi ya haifar da taron farko na ƙasa da ƙasa kan kiwon lafiya, wanda aka buɗe a Faris a 1851. Ƙasashe goma sha biyu ne suka halarta, kowacce da jami'in jakadanci ɗaya da likita ɗaya, aka shafe wata shida ana muhawara ba tare da an san abin da ke haddasa cutar ba, domin sai a 1883 zuwa 1884 ne Robert Koch ya gano ƙwayar kwalara a Masar da Kalkata. Yarjejeniyar da aka rubuta ba ta yi tasiri ba. Birtaniya, wadda jiragenta suka fi na kowa yawa a teku, ta daɗe tana musanta cewa tsare jirgi na hana kwalara yaɗuwa, kuma ba sai an yi dogon nazari ba kafin a ga yadda wannan ra'ayi ya dace da aljihunta.

Al'amarin ya ɗauki wani salo a hajjin 1865, lokacin da kwalara ta kashe dubban alhazai a Makka, sa'an nan ta bi masu komawa gida zuwa Suwez da Iskandariyya, daga can ta tsallaka zuwa Marsel da sauran biranen Turai. Taron da aka yi a Santambul a 1866 ya ɗora laifin a kan aikin hajji, kuma buɗe mashigin Suwez a 1869 ya ƙara tsoron, tun da yake tafiyar da take cin watanni ta koma ta makonni. Maslahar da aka cim ma a hankali, ta yarjejeniyar Venis ta 1892 da ta Faris ta 1894, ita ce a sassauta wa jiragen kasuwanci su wuce mashigin da ɗan bincike, a tsananta wa jiragen alhazai. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta buɗe sansanin killacewa a Kamaran, wani busasshen tsibiri a kudancin Bahar Maliya, a farkon shekarun 1880, inda ake sauke maniyyatan Indiya da na tsibiran Jawa, a yi musu wanka, a turara tufafinsu da kayansu da tururi mai zafi, a tsare su kwanaki a rumfuna, kuma su ne za su biya kuɗin tsarewar. Masu komawa arewa kuwa ana tsare su a Ɗur, a gaɓar Sina'i, kuma a wannan sansani ne aka gano nau'in ƙwayar kwalara da har yanzu ake kira da sunan wurin, a 1905.

Maniyyatan ƙasar Hausa da Barno, waɗanda suke bin ƙasa ta Fort Lami da Darfur har su kai bakin teku bayan shekaru suna tafe suna ƙwadago a gonakin auduga, sun gamu da nasu kason a Sawakin, tashar da Turawan mulkin Sudan suka keɓe domin fitar alhazai. A can ake duba takardu, a yi wa mutum lamba ta rigakafin agana da allurar kwalara, a nemi shaidar kuɗin jirgi na zuwa da dawowa. Talakan da ba shi da halin cika waɗannan sharuɗɗa yakan bi dare ya shiga kwalekwalen 'yan fasa-ƙwauri daga wani lungu na gaɓar teku, tafiyar da ta laƙume rayuka masu yawa. Sai a tsakiyar shekarun 1950 aka soke dokokin musamman na hajji daga ƙa'idojin duniya, Saudiyya ta karɓi ragamar binciken a Jidda.

Zuwan jirgin sama ya rage darajar tsibiri, ya ɗaga darajar takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka kafa a 1948, ta tattara tsofaffin yarjejeniyoyi cikin ƙa'idoji guda a 1951, kuma katin nan mai ruwan ɗorawa na shaidar rigakafi, wanda har yau matafiyin Afirka ta Yamma ke soke shi a cikin fasfo saboda ciwon shawara, ya zama madadin kwanakin tsarewa. Amma biza, wato izinin shiga ƙasa da ofishin jakadanci ke bugawa a fasfo, ta zama sabuwar ƙofar da ake iya rufewa da sunan lafiya. A 1987 Amurka ta sanya ƙanjamau cikin cututtukan da ke hana baƙo shiga ƙasar, lamarin da ya sa ƙungiyoyi da dama suka ƙaurace wa babban taron duniya kan cutar a San Faransisko a 1990, aka kuma ɗauke na 1992 daga Boston zuwa Amsterdam. Taron bai sake komawa Amurka ba sai 2012, shekara biyu bayan janye dokar.

Ƙa'idojin da aka sabunta a 2005 sun tanadi cewa kada ƙasa ta ɗauki matakin da ya takura zirga-zirga fiye da abin da hujjar kimiyya ta buƙata, amma annobar korona ta nuna iyakar wannan tanadi. Taron sauyin yanayi na Gilasgo, wanda aka ɗage daga 2020 zuwa ƙarshen 2021, ya zo da sharaɗin farko cewa wakilin da ya fito daga ƙasashen da Birtaniya ta yi wa jan layi zai killace kansa a otal kwana biyar idan ya yi rigakafi, kwana goma idan bai yi ba, alhali ƙasashen da ke cikin jerin su ne mafi ƙarancin samun allurar. Hatta wanda ya samu bai tsira ba, domin takardar shaidar Tarayyar Turai da farko ba ta lissafa Covishield ba, ita ce kuwa allurar da aka fi raba wa Afirka, har da kashin farko da ya iso Abuja a watan Maris na 2021.

Misali mafi bayyana ya faru a watan Nuwamban wannan shekarar. Masana a Afirka ta Kudu da Botswana suka gano nau'in Omikron na cutar korona suka sanar da duniya ba tare da ɓoye-ɓoye ba, sakayyar da suka samu kuwa ita ce rufe musu hanyoyin sama cikin kwana biyu, ko da yake daga baya Holan ta gano nau'in a samfuran da ta ɗauka tun kafin sanarwar. Birtaniya ta ƙara Nijeriya a jerinta ranar 6 ga Disamba, mai shiga ya biya fam 2,285 na otal, sa'an nan ta soke jerin gaba ɗaya ranar 15 ga wata da ta ga cutar ta riga ta bazu a cikin gida. A Jeniba kuma, dokokin killacewa na Suwizalan sun tilasta wa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, ɗage taron ministocinta kwana huɗu kafin buɗewa. Ɗaya daga cikin manyan batutuwan da aka shirya tattaunawa a wurin shi ne buƙatar da Indiya da Afirka ta Kudu suka gabatar tun Oktoban 2020, ta a jingine haƙƙin mallakar fasahar allurar korona domin ƙasashe matalauta su iya sarrafa ta da kansu, kuma ba a zauna a kansa a matakin ministoci ba sai watan Yunin 2022.