Guangzhou Evergrande: Kulob Ɗin Da Bashin Gidaje Ya Cinye

Duk mai kallon Al-Nassr a nan Riyad ya san Talisca, dogon ɗan Brazil ɗin nan mai ƙafar hagu da ya zo a 2021. To amma kulob ɗin da ya baro a ƙasar Sin, wato Guangzhou, yau babu shi. Kuma ba ƙaramin kulob ba ne, sau biyu yana ɗaukar kofin zakarun Asiya.

Asalinsa tun 1954 ne, amma labarin da ya dame mu a 2010 ya fara. A shekarar aka kore shi zuwa rukuni na biyu saboda laifin sayen wasa. Sai kamfanin gine-gine na Evergrande, na attajiri Xu Jiayin, ya saye shi a kan yuan miliyan 100. Daga nan fa aka buɗe bakin jaka. A 2011 suka ɗauki kofin lig, suka riƙe shi shekara bakwai a jere har 2017, suka ƙara na takwas a 2019. An kawo Marcello Lippi a 2012, mutumin da ya ci wa Italiya kofin duniya, ya ba su kofin Asiya a 2013 a hannun FC Seoul. Scolari ya maimaita a 2015 a kan Al-Ahli ta Dubai. A 2016 suka zuba yuro miliyan 42 a kan Jackson Martinez, wanda rauni ya hana shi taɓuka komai. Ko a jikinsu!

Ni a ganina, nan gizo ke saƙar. Kuɗin nan ba na tikiti ba ne, ba na sayar da riga ba. Kuɗin gidaje ne, gidajen ma da bashi ake gina su, wasu an karɓi kuɗin mutane tun ba a sa tubali ba. Kulob ɗin tamkar allon talla ne na kamfani. Da gwamnatin Sin ta taƙaita wa kamfanonin gine-gine cin bashi a 2020, sai asiri ya tonu: a 2021 bashin Evergrande ya haura dala biliyan 300. Filin wasa mai cin mutum dubu 100 da suka fara ginawa a 2020, aikin ya tsaya cak. Talisca ya yo Riyad, Paulinho ya tafi Jidda, koci Cannavaro (wanda ya taɓa riƙe Al-Nassr na 'yan watanni) ya kama gabansa. Aka bar yara matasa suna shan kashi, suka faɗa rukuni na biyu a 2022.

A Janairun 2025 hukumar ƙwallon Sin ta hana su lasisi saboda bashi, kulob ya rushe. A watan nan dai Talisca ya bar Al-Nassr zuwa Fenerbahce.

Na san za a ce mini Saudiyya daban, kuma da gaskiya a ciki. Asusun PIF da ya karɓi kashi 75 na Al-Hilal, Al-Nassr, Al-Ittihad da Al-Ahli a 2023 na gwamnati ne, ba na ɗan kasuwa mai bashi ba. Amma tambayata ga masu yi min musu a majalisa ita ce: albashin Ronaldo na wata ɗaya, tikitin wasa nawa za a sayar a Riyad kafin a haɗa shi?