Akwatin Faifai a Cikin But: Yayin da Ya Wuce a Barkin Sale

Kafin faifan CD ya iso, kaset ne ke mulkin motocin Minna. Direban Fijo 504, ƙirar kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975, yakan kama hanyar Bida ko Suleja da Shata ko tafsirin Sheikh Abubakar Gumi. In zaren ya sarƙe, biro kaɗai ya isa a naɗe shi.

Tsarin SAP na 1986, a mulkin Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna, ya karya darajar naira, har sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Aka koma ga motocin Kwatano. A cikinsu ne mutanen unguwannin Minna irin su Barkin Sale suka fara ganin wani akwati a but, mai cin faifai shida ko goma a lokaci guda. Kamfanonin Japan, irin su Sony da Pioneer da Alpine, suka yi fice wajen ƙera shi.

Wanda motarsa ba ta zo da shi ba, sai ya nufi mai wayarin. A nan ake gane gwani. Wasu rediyoyin Honda da Toyota suna da kafa a bayansu da aka tanada don akwatin. Sai a zaro rediyon, a jona, a bi da waya ta ƙarƙashin kafet har but. In babu kafar, akwai wata 'yar na'ura da ake sa wa a layin eriya, ta mayar da kiɗan tamkar tashar FM. Sautin yakan ɗan dusashe, amma rediyon asali yana nan a mazauninsa, abin da mai saye ke dubawa ranar da za a sayar da motar. Hatsarin kuwa shi ne cire batir: rediyon ya kulle, ya nemi lambar sirri, takardar lambar kuma ta ɓace tun a Turai.

Hanya ce ta fara cin amanar akwatin. Rami ɗaya, waƙa ta yi tsalle. Ƙurar hunturu ta rufe idon da ke karanta faifan, zafin bazara ya gasa but ɗin. Tsofaffin akwatunan kuma ba sa karanta MP3, alhali faifai ɗaya irin wannan yana ɗaukar sa'o'i na karatun Sheikh Ja'afar.

Daga nan aka samu abin da ake sokawa a gidan laita, mai cin memori ko filasha, ba a kwance komai ba. Bluetooth ya ƙarasa sauran. Masu wayarin dai ba su rasa abin yi ba: hannun da ya koyi zaro rediyo ba tare da fasa dashbod ba, shi ne yau ke ɗaura allon Android da kyamarar ribas.